Yadda 'Yar Kawuna Ta Bar Takarda Ta Kama Bokiti

A danginmu kaf, in aka cire ni, babu wanda Allah ya yi wa baiwa irin ta 'yar Kawuna. Tsaf muke ce mata, don tun tana rarrafe ba ta iya ganin abu a karkace ta ƙyale shi. Tana 'yar shekara biyar ta shiga ɗakin mahaifiyata, wato Goggonta, ta tarar agogon bango ya jirkice da abin da bai kai silin gashi ba, ta ƙi cin abinci sai da aka hau kujera aka daidaita shi. Ni abokin wasanta ne, ina da lasisin faɗin duk abin da na ga dama a kanta, kuma yau zan more lasisina.

Shekara goma sha biyu ta yi a wani shagon buga takardu, cikin ɗan ɗaki mai sanyi kamar firji, gaban kwamfuta mai faɗin tabarma. Aikinta zane: allon talla, kalanda, katin gayyata, da sitikar da ake liƙa wa kayan sayarwa. In ta zana kwalbar lemo a takarda, ko yanzu ka sha ruwa sai ƙishirwa ta dawo. Akwai mutumin da ya kafa allon da ta zana masa, jama'a suka yi layi a ƙofar shagonsa tun bai saro kayan da zai sayar ba. In ta gama aiki kuwa, sai ta miƙe, ta ja da baya taku uku, ta rufe ido ɗaya. Daga nan ta dawo ta matsar da harafi guda da kamar ƙwayar yashi, ta ce yanzu ya zauna. Mu dai ba mu ga inda ya tashi ba balle mu ga zamansa.

Wata Asabar da rana ta zo gaida Goggonta, ta same ta tana kokawa da jarkar sabulun ruwa. Sitikar jarkar nan Tsaf ce ta zana, furanni da kumfa, kamar ka lasa. Amma mariƙin yatsu uku kawai yake ɗauka, in ka karkata ta sai ta yi ta shaƙuwa, gulub, gulub, ta feso maka rabin sabulun a zane. Tsohuwa ta dire jarkar tana yarfe hannu.

Ta ce, "Kyau kam akwai shi, 'yar nan. Sai dai wanda ya yi jarkar nan bai taɓa ɗaga ta ba."

Sai da na ɗauki Tsaf zan mai da ita gida, mun yi nisa, ta ce, "Ɗan Goggo, shekara goma sha biyu ina ɗinka wa kaya riguna, ban taɓa tambayar yadda jikinsu yake ba."

Na ce, "To ai ke tela ce, ba ungozoma ba."

Ta ce, "Ungozomar nake so in zama."

Na yi dariya har na kusa hawa kan mai keke. Ashe da gaske take. Wata bai ƙare ba ta ajiye aiki. Kawu da ya ji, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Ya ce, "Shekara talatin da bakwai, da miji da 'ya'ya biyu, za ki koma aji ki koyi yadda ake yin bokiti? Bokitin da tun ban haife ki ba an gama yin sa?"

Ta ce, "Baba, an yi shi, ba a dai gama ba."

Shekara ɗaya da rabi ta yi tana kwas ɗin zanen kayan masana'anta, wato zana siffar abin da inji zai fitar: kujera, buta, kwando, mariƙin ƙofa. A ajin ita ce uwa, har malamin Anti yake ce mata. Da ta gama, sai ta waiwayo ni, don ni ne direban babbar motar wani kamfanin robobi, kuma kowa ya san in ban je aiki ba kamfanin nan tsayawa yake yi. Na kai takardunta wurin Mai Kamfani. Mutum ne gajere mai saurin magana, wanda bai taɓa zama ya ƙare shayinsa ba. Yana ganin ayyukanta na dā ya washe baki, ya ce dama sitikunsu sun tsufa, ta zo gobe.

Ta zo, amma ta ce masa ita ba sitika ta kawo ta ba. Ɗakin sama take so, inda ake zana kayan da kansu.

Ya dube ta, ya dube ni kamar ni na kitsa mata. Ya ce, "Malama, ga abin da kika ƙware a kai, kina neman wanda kika fara jiya. To shi ke nan. Akwai bokitinmu da muke son sabuntawa. Ki zana shi. In ya fito daga inji ya yi, kujerar ɗakin sama taki ce. In bai yi ba, ki sauko ƙasa ki kama mana sitika, kuma ba za mu sake wannan maganar ba."

Ta ce ta yarda. Ni kuwa na san ta. In aka sauko da ita daga benen nan, za ta yi sitikar, za ta yi ta da kyau ma, amma ta ƙare rayuwarta tana kallon matakala.

A kamfanin akwai wani tsoho, Baba Mai Mazubi. Mazubi shi ne ƙaton dunƙulen ƙarfe mai ɓari biyu da ake sassaƙa siffar abu a cikinsa. Inji ya haɗe ɓarin biyu, ya tura narkakkiyar roba ciki, ta huce, ya buɗe, abu ya faɗo. Baba ne yake sassaƙa su, shekara arba'in ke nan. Yatsunsa kamar sukurdireba, kuma a wata bai fi ya yi magana bakwai ba, biyar daga ciki gaisuwa ce. Ranar da aka gabatar masa da Tsaf ya kashe ɗaya daga cikin biyun da suka rage.

Ya ce, "Ƙarfe ba kwamfuta ba ne, 'yata. Abin da aka sassaƙe ya tafi."

Mako biyu ta yi tana zane. Ranar nunawa aka taru a ɗakin sama, ni ma na hau, wai na zo karɓar takardar lodi. Jama'a, na ga bokiti a rayuwata, na ɗauki bokitan da in aka jera su za su kai wata su dawo, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Shuɗi ne, miƙaƙƙe samɓal daga baki har ƙasa kamar kofin gilashi, babu kwana babu lanƙwasa. Ta haɗa samfuri biyu da kwali mai kauri, ta shafe, ta goge, ta fesa musu fenti. Da za a ba ni shi, ba zan zuba masa ruwa ba, a falo zan ajiye shi in riƙa gaishe shi. Ta ja da baya taku uku, ta rufe ido ɗaya, a karon farko a tarihi ba ta matsar da komai ba.

Mai Kamfani ya ce, "Direba, kai mini su ofis."

Shi direban robobi hannunsa ya riga kansa tunani. Bokiti biyu, ai sai ka zura ɗaya cikin ɗaya ka rungume. Na ɗaga na farko, na ɗora a kan na biyu, na danna. Ya ƙi shiga. Na juya shi, na sake dannawa. Ya zauna a bakin ɗan'uwansa ƙiƙam, kamar baƙon da ya ƙi shiga ɗaki. Tunda faɗin ƙasansa da faɗin bakinsa ɗaya ne, ta ina zai shiga?



Mai Kamfani ya ce, "Direba, nawa motarka take ɗauka?"

Na so in yi ƙarya, ga shi ni gwani ne, amma ta ƙi zuwa. Na ce, "Dubu uku, ranka ya daɗe, in an zura su cikin juna."

"Wannan fa?"

"Ɗari uku. Sauran iska zan kai kasuwa."

Baba Mai Mazubi ya matso, ya ɗauki ɗaya. Ya ce ko lodin ma ba za a kai ba, don abu miƙaƙƙe haka in roba ta huce riƙe ƙarfe yake yi kamar kaska, mazubi ba zai sake shi ba. Sai ya kifa shi. Ƙasan bokitin fili fetal, ko fenti babu. Ta zana gaba, ta zana gefe, ta zaɓi shuɗi cikin shuɗaye ashirin, amma ba ta taɓa kifa shi ba.

Baba ya ce, "Ba laifinki ba ne. Takarda ba ta da gindi."

Mai Kamfani ya duba agogo. Ya ce ƙarfen sabon mazubi zai iso nan da mako uku, ranar da ya iso za a fara sassaƙa, ko da zanenta ko da tsohon zane. Ya fita ya bar shayinsa.

A matakala ta tare ni. Ta ce, "Kai ɗan Goggo, duk faɗin duniyar nan ka rasa ranar da za ka yi aiki da himma sai yau?"

Na ce, "Ni na zana? Ai gara da hannun gida ya tona, da a ce kasuwa ce ta tona."

Ta harare ni har sai da na ji rigata ta yi zafi. Can ta ce, "Gobe ka nuna mini yadda kake lodi."

Daga ranar ta kashe kwamfuta, ta lulluɓe ta da ƙyalle. Ta hau bayan motata da doguwar rigarta tana kallon yadda muke jera kaya. Ta ga yadda tsofaffin bokitanmu suke shiga juna su manne, har sai ƙarti biyu sun kama, wannan na ja wancan na ja, in suka rabu ɗaya ya faɗi zaune. Ta rubuta. Sannan ta liƙe wa Inna mai shara, dattijuwar da ta shekara talatin tana goge daɓen kamfanin. Inna ta cika bokiti, Tsaf ta cika. Inna ta hau bene, Tsaf ta hau. Inna ta rasa gane kanta, ta zo ta same ni.

Ta ce, "Ɗan nan, 'yar'uwarka aikina take nema ne? In shi ne ta faɗa mini, in san inda dare ya yi mini."

Na ce, "Inna, kwantar da hankalinki. Hannunki take karantawa."

Kuma shi take karantawa. Ta lura duk sanda Inna za ta zubar da ruwa, hannu ɗaya na riƙe da mariƙi, ɗayan yana laluben ƙasan bokiti, ya rasa abin kamawa, ya zame, sai ta tallafe da gwiwa. Shekara talatin tana haka, ita kanta ba ta san tana yi ba. Hannun Tsaf, wanda a dā abu mafi nauyi da ya taɓa ɗauka shi ne biro, ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Ta koma gida da kwali da yumɓu da gam. Mijinta, malamin makaranta ne mai haƙuri, ya ce mini falonsu ya zama kasuwar bokitai, in zai je banɗaki sai ya nemi hanya kamar mai tsallake gona. Na ƙirga samfuri arba'in da uku. Ita ta ce sha tara ne, amma ita ba ta iya ƙirga ba.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne karkatar. Dole jikin bokiti ya tsuke kaɗan zuwa ƙasa, don ya saki ƙarfe, don kuma ya shiga ɗan'uwansa. Ina tsaye ranar da ta ja layin. Tsaf, wadda ta ƙi cin abinci saboda agogo, ta ɗora rula a takarda ta karkatar da ita da gangan. Ta kai wa Baba, ya duba, ya ce ta ƙara. Ta ƙara. A makonnin nan Baba ya yi maganar da ta kai ta shekara biyu, har matarsa ta aiko a tambaya ko lafiya.

Zanen ƙarshe bai kai na farko kyau ba, gaskiya ɗaya ce. Bokiti ne dai kamar bokiti. Sai ka kifa shi za ka ga ta yi masa kwarmi zagaye da ƙasansa, inda yatsu huɗu za su shige su kama ta ko wane gefe. Ƙarƙashin leɓensa kuma ta sa 'yan ƙananan tudu guda huɗu, don in an zura shi cikin wani ya tsaya a kansu, kada ya manne. Ƙarfe ya iso, Mai Kamfani ya juya samfurin sau biyu, ya ce a sassaƙa, a gani a ƙasa.

Mako shida Baba yana sassaƙa. Tsaf ta rame har zobenta ya fara yawo.

Ranar gwaji da hantsi aka ɗaura mazubin a babban inji. Ma'aikata suka bar aikinsu suka zagaye, kowa na yin kamar hanya ce ta biyo da shi. Inji ya yi gurnani, ya haɗe, ya yi shiru, ya buɗe. Babu abin da ya faɗo. Bokitin na maƙale a ƙarfe. Baba ko a jikinsa, ya sa hannu ya ciro shi ya jefar, ya ce na farko ba ya lissafi, ƙarfe bai ɗumama ba. Na biyu ya yi jinkiri kaɗan, ya faɗo. Na uku ya faɗo tun kafin a roƙe shi, kwal, da ɗuminsa kamar sabon ƙwai. Sai ga su suna ta zubowa.

Mai Kamfani ya ce, "Direba."

Na ɗauki goma, na zura su cikin juna, suka shige sumul. Na sa yatsa biyu na zare na sama, ya fito ba gardama. Wani daga baya ya ce lallai an kashe wa ƙartin lodi motsa jikin safe. Aka cika ɗaya da ruwa aka ba Inna, ba wanda ya ce mata komai. Ta ɗauka, ta je bakin magudana, ta karkata. Hannunta ya tafi laluben da ya saba, sai yatsunta suka faɗa kwarmin nan suka kama. Gwiwarta ta ɗago don tallafi, ta tarar babu aikin yi, ta koma. Inna ta tsaya tana kallon hannunta.

Ta ce, "Ikon Allah. Wannan ya san ni."

Mai Kamfani ya washe baki, ya buɗe shi zai yi magana. Ni har na fara shirya yadda zan ba da labari a gida, da inda zan sa kaina a ciki. Sai Tsaf ta ce, "Ranka ya daɗe, a dakata."

Ta je ta kama hannun Inna ta buɗe shi. A gaɓoɓin yatsu huɗu akwai jan layi siriri. Inna ta ce ba komai, ai hannun talaka ya saba. Tsaf ta cika bokitin da kanta, ta ɗaga, ta rufe ido duka biyu, ta karkata. Ta daɗe a haka. Ni kuwa ina ta yi mata alama da gira, da baki, da ƙafa, cewa ta yi shiru a ba ta kujerarta tukuna, gyara ya biyo baya. Wanda ya rufe ido ina zai ga gira?

Ta dire shi. Ta ce, "Bakin kwarmin ya yi siriri. In babu ruwa ba a ji, in ya cika yana cizo. Sau ɗaya ba komai, amma Inna sau talatin take ɗagawa a rana. Kuskurena ne, a zanena yake. Bokitin nan bai yi ba tukuna."

Ka ji fa. Mutum ya ce in ya yi kujera taki ce, shi da bakinsa yana shirin cewa ya yi, ke kuma ki tashi gaban ma'aikata hamsin ki ce bai yi ba. Fuskar Mai Kamfani ta haɗe kamar hadari. Mako shida na sassaƙa, ga 'yan kasuwa na jira.

Ya juya ya ce, "Baba, ƙarfen ya lalace ke nan?"

Baba ya ɗauki bokitin, ya bi bakin kwarmin da babban yatsansa, a hankali, har ya zagayo. Ya ce, "Da cewa ta yi ya yi kauri, da mun shiga uku, don ba a mayar wa ƙarfe abin da aka cire. Amma siriri ne. In na ƙara shafce wurin, roba za ta cika shi ya yi tumɓul. Kwana biyu." Ya ƙara da cewa, "Ni na sassaƙa shi, na shafa shi ya fi sau ɗari, ban ji ba."

Mai Kamfani ya sa aka sake cika bokitin. Ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗaga, ya karkata, ya dire, ya dubi yatsunsa. Ya sake yi. Ya yi har sau biyar, ruwa ya jiƙa masa takalmi. Sannan ya yarfe hannu, ya ce a kashe inji, a sauke mazubin a kai wa Baba.

Tsaf ta ce, "To ni, in sauko ƙasa ne?"

Ya ce, "Ki sauko ki yi mene? Wa zai riƙa ɓata mini rai a sama?" Ya dube ni. "Direba, teburin da aka ba ta na aro ne, ƙafarsa ɗaya gajera. Akwai sabo a sito. Kai da wani ku hau da shi yanzu."

Tebur ne na katako mai nauyin giwa da ɗanta, matakala ashirin da biyu, kowace na san ta da suna. Muna haki muna hawa, ita tana biye da mu da ɗanyen bokitinta a hannu, tana shafa ƙasansa, tana ce mini in kula da kwana kada in gurje bango.